Yadda ake tankaɗe labarin "bincike ya nuna" kafin a tura shi guruf

Duk wanda yake da wayo a 2014 ba zai manta daren gishiri ba. Wajen ƙarfe uku na dare waya ta tashe mu a gida, wata gwaggonmu ce daga Ƙofar Marusa, muryarta har rawa take, wai ku tashi ku dafa ruwa ku zuba gishiri ku yi wanka ku sha kafin asuba, maganin Ebola ne, likitoci suka ce. Wane likita? Babu wanda ya tambaya. Muka yi layi a ƙofar bayi da bokitai. Gari na wayewa aka ji ƙarya ce, kuma a ƙasar nan an samu waɗanda suka rasa ransu saboda gishirin da suka ɗirka, wasu aka kwantar asibiti. To har yau abin nan bai bar mu ba, riga kawai ya canza, yanzu ba a cewa likitoci suka ce, sai a ce "wani bincike da masana suka yi a Amurka ya nuna", a haɗa da hoton Bature da farar riga yana leƙa madubin ƙwayoyin cuta, shikenan kafin la'asar ya zaga guruf ɗin dangi da na 'yan aji da na masallacin unguwa.

Ni ba likita ba ne, kimiyya dai na karanta kuma ina bin labaranta kamar yadda wasu ke bin ƙwallo. Ga yadda nike yi in irin wanga saƙo ya shigo mani, kuma ba ya cin data mai yawa.

Kafin komai duba saman saƙon. In ka ga WhatsApp ya sa mashi kibiya biyu alamar an yi ta turawa, to ka san ya sha hannu. Sai ka nemi abu uku a cikinsa: sunan jami'a ko cibiyar da ta yi aikin, sunan mujallar da ta buga, da shekara. In babu ko ɗaya, ni anan nike ajiye shi, "masana" ba sunan kowa ba ne. In akwai, kwafi sunan ka haɗa da kalma biyu uku na maganar ka zuba a Google da turanci, in harkar lafiya ce ka ƙara PubMed a ƙarshe, wani rumbu ne na gwamnatin Amurka da ake tara takardun binciken lafiya, kyauta ne. Ba sai ka karanta takardar duka ba, kowace takarda tana da ɗan taƙaitaccen bayani a samanta, bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba, in turancin ya yi kauri ka jefa a Google Translate ko ka ba ƙaninka da ke karatu a jami'ar Umaru Musa ya fassara maka, ai amfaninsu kenan.

Tambayar farko da za ka yi ma takardar: a kan wa aka gwada? Mutum, ɓera, ko ƙwayoyin halitta a cikin faranti? Wannan ita ce tambayar da ta fi kashe labarai. In ka ga kalmar mice ko rats, ɓeraye ne. In ka ga in vitro, a cikin kwalba ko faranti ne, ko jikin ɓera bai kai ba. A watan Afrilu 2020 wasu masu bincike a Ostareliya suka zuba ivermectin, wani maganin tsutsa, kan ƙwayar korona a faranti, cikin awa 48 ta kusa ƙarewa ƙaf. Gaskiya ne, hakan ta faru. Abin da masu turawa ba su faɗa ba shi ne yawan maganin da aka zuba ya ninka abin da zai iya kaiwa jinin mutum da shan ƙa'ida nesa ba kusa ba, kuma da aka zo aka yi manyan gwaje-gwaje kan mutane a Brazil da Amurka ba a ga ya hana kwanciya asibiti ko mutuwa ba. Ba wai maganin banza ba ne fa, shi ne ake rabawa don makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa, waɗanda suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, har kyautar Nobel suka samu a 2015. Amma a faranti ko omo ka zuba ƙwayar cuta za ta mutu, wa zai sha omo?

Sai adadi, mutum nawa, kuma da su wa aka kwatanta. Nan zan ɗan tsaya don nan ake yi muna wayo sosai. Mura in ka sha magani ta warke a sati ɗaya, in ba ka sha ba ta warke a kwana bakwai, to in na ba mutum goma jiƙon ganye duk suka warke ban nuna komai ba, sai in akwai wasu goman da ban ba ba na ga su ya suka ƙare. Kuma ba ni zan zaɓi wanda zan ba ba, ƙuri'a za a yi, don in ni ne zan iya ba masu ƙarfi in bar tsofaffi ko da ban yi niyya ba. Ku tuna lokacin da kulorokwin ya yi tsada a kemis a 2020 don an ce yana maganin korona? Tushen maganar wata takarda ce daga Marseille a Faransa, ta Didier Raoult da mutanensa, a kan wani magani dangin kulorokwin, marasa lafiya 36 kacal a lissafin, babu ƙuri'a, kuma an cire wasu daga cikin waɗanda suka sha maganin daga lissafi, ciki har da waɗanda jikinsu ya tsananta da wanda ya mutu. A Ingila kuma aka yi wani gwaji mai suna RECOVERY, dubban mutane, da ƙuri'a, ya nuna dangin kulorokwin ɗin nan ba ya rage mutuwa. Gwajin nan dai shi ya gano wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, an ba mutum 2,104 aka kwatanta da 4,321 da ba a ba ba, sai ga shi ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Amma lura, ga waɗanda ciwon bai kai su buƙatar iskar oksijin ba bai yi amfani ba. Kenan ko labarin gaskiya ne sai ka tambaya ga wane irin mara lafiya, ba wai ka ruga kemis ka saya ba, balle wanga magani da 'yan matanmu ke sha don ƙiba suna jawo ma kansu hawan jini da suga. Takardar Faransa kuwa an janye ta a 2024.

Janyewa ma abin dubawa ne. Mujalla takan soke takardar da ta buga in an gano maguɗi ko babban kuskure, za ka ga an rubuta retracted da manyan baƙi a samanta. Maganar da ake yawo da ita wai rigakafin ƙyanda na jawo ma yara otizim, lalurar nan da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, daga takarda ɗaya ta fito, ta Andrew Wakefield a mujallar Lancet a 1998, yara 12 ne a ciki. A 2010 mujallar ta janye ta, aka kuma ƙwace mashi lasisin aikin likita a Ingila. A Denmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga wata alaƙa ba. Yara 12 da yara 650,000, amma wallahi har gobe na 12 ɗin ne ke yawo a wayoyinmu, don shi ne mai ban tsoro.

Yanzu lissafin kashi cikin ɗari, wanda 'yan jarida ke so. In aka ce abu "ya ƙara haɗari da kashi kaza", ka tambaya kashi kaza na mi? A 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin giram 50 na naman da aka sarrafa kullum, irin su sosej da naman gwangwani, yana ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Mutane suka ɗauka cikin mutum 100 masu ci 18 za su kamu. A'a. A ƙasa kamar Ingila dama wajen mutum 6 cikin 100 kan kamu da ita a tsawon rayuwa, kashi 18 na 6 ɗin nan shi ne kusan 1, kenan 6 ta koma 7. Ƙari ne na gaske, amma ba tashin duniya ba. Ka riƙa ɗaukar biro kana mayar da shi "cikin mutum ɗari, nawa da nawa", in takardar ba ta ba ka lambar farko ba to an ɓoye maka rabin magana.

Misalin da na fi so a kan lambar da ake ɓoyewa daga ilimin leza ya fito. Leza dai kun san ta, ɗan jan hasken nan da yara ke saye da sallah suna haska ma mutane a fuska (a hana su don Allah, yana iya ƙona bayan ido), bambancinta da tocila shi ne haskenta launi ɗaya ne kuma duk a jere yake tafiya ba ya watsewa, shi ya sa ake iya tara shi a ɗigo ɗaya har ya yanka ƙarfe. Ranar 5 ga Disamba 2022 a wata cibiya a Kalifoniya, Lawrence Livermore, aka harba leza 192 lokaci guda kan wani ɗan ƙwanso da bai kai ƙwayar masoro girma sosai ba, mai ɗauke da nau'in haidurojin, ƙwayoyin suka haɗe irin yadda suke yi a cikin rana. Ƙarfin da ya shiga megajul 2.05 (megajul ma'aunin ƙarfi ne), wanda haɗewar ta fitar 3.15. Karo na farko kenan da aka samu fiye da abin da lezar ta zuba, kuma babban abu ne a kimiyya, ba na rage mashi daraja. Sai ga saƙo a majalisarmu ta mai shayi wai an gano wutar da ba ta ƙarewa, mai sola ya nemi wata sana'a. Na ce ma abokina kawo wayarka mu yi lissafi. Yunit ɗaya na mitar gidanku megajul 3.6 ne, kenan duk abin da ya fito bai cika yunit ɗaya ba. Kafin lezojin su harba kuwa sun ja wajen megajul 300 daga layin wuta, sama da yunit 80. Ka sa kati na yunit 80 ka samu ƙasa da ɗaya, a hakan za a kori mai sola? Babu wanda ya yi ƙarya a labarin, masu binciken da kansu sun faɗi lambar 300 ɗin ranar sanarwa, a hanya ce ta faɗi kafin ta iso Katsina.

Wannan ya kawo mu maganar lokaci, don "an gano" daban "ya iso asibiti" daban. Albert Einstein ya rubuta ka'idar da leza ta tsaya a kai a 1917, ba a ƙera ta farko ba sai Mayu 1960 a hannun Theodore Maiman da ɗan dutsen yaƙutu, shekara 43, kuma a lokacin har ba'a ake yi mata wai ga amsa an samu saura a nemo tambayar. Donna Strickland da malaminta Gérard Mourou sun buga dabararsu ta matse hasken leza ya zama gajere mai tsananin ƙarfi a 1985, daga baya dabarar ta shiga aikin gyaran ido na masu sa tabarau, Nobel kuma sai 2018. To in ka ga an ce an gano abu bana, ka sa a ranka wataƙila ɗanka ne zai mora. Kuma in an ce ma tsohonka "aikin leza" a ido, ka tambayi likitan ido wane iri, don na rage dogaro da tabarau daban, na masu ciwon suga da jijiyoyin bayan idonsu ke zubda jini daban, kuma ba kowane ciwon ido ne leza ke yi ba.

Sikila ita ce ta fi taɓa ni, don babu zuri'ar da ba ta da mai ita a nan. A ƙarshen 2023 labari ya fashe cewa an samu maganin sikila. Gaskiya ne, Ingila ta amince da shi a Nuwamba, Amurka a Disamba, sunansa Casgevy, da fasahar CRISPR ake yinsa, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka ci Nobel a kanta a 2020, kamar almakashi ne da ke yanka wuri ɗaya tak a ƙwayar gado. A gwajin da aka kai ma hukumar Amurka, 29 cikin 31 sun yi shekara guda cur ba tashin ciwo mai tsanani. Ka ga anan adadin kaɗan ne amma an yarda, don mutanen dama duk shekara sai ciwon ya kada su sau da yawa, bambancin ya fito fili ba ya buƙatar dubbai. To amma karanta gaba. Ba ƙwaya ba ce ba allura ɗaya ba ce, sai an ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su a ɗakin gwaji, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa ya share ɓargonsa, wanda kan iya hana haihuwa, sannan a mayar, ya yi makonni a asibiti. Kuɗin da aka sa mashi a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2. Wata 'yar uwarmu mai yara biyu masu sikila ta kira ni tana murna har da kuka tana tambaya ko ya zo Kano, ranar na rasa ta inda zan fara. Har wani saurayi na ji yana cewa tunda an samu magani gwajin jini kafin aure ya zama tsohon yayi. Kar ka soma. AS da AS har yanzu kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu na SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in na fari ya zo da ita ukun baya sun tsira ba.

Wani zai ce to ai masana ma sukan ƙi gaskiya, kuma maganin gargajiya fa? Haka ne, kuma amsar duka biyun ɗaya ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Shekaru ana cewa olsa daga damuwa da yaji take, wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce ke kawo mafi yawanta, aka yi masu dariya, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar da kansa cikinsa ya kumbura. Amma ba shan nan ne ya sa aka yarda ba, wasu a wasu ƙasashe ne suka maimaita suka ga ana kashe ƙwayar gyambon na warkewa ba ya dawowa, aka ba su Nobel a 2005. Don haka ka duba ko wani daban ya maimaita binciken ya samu abu ɗaya. Maganin maleriyar da muke sha yau kuma daga ganye ya fito, dangin tazargade, wata 'yar Sin Tu Youyou da tawagarta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka gano tafasawa na lalata sinadarin sai suka tatso shi da ƙaramin zafi, aka gwada kan ɓeraye da birai sannan mutane, aka san awo. Wannan ba ya nufin ka jiƙa tazargade ka ba yaro mai zazzaɓi, ba ka san nawa ke cikin kofin ba, kuma awon da bai kai ba shi ke koya ma ƙwayar maleriya jure magani.

Na kusa mantawa, ka gangara ƙasan saƙon. In ya ƙare da lambar waya, ko "muna turawa kowace jiha", to talla ce ta sa rigar bincike. Mai motar nan da lasifika a bakin kasuwa da ke cewa garinsa na maganin suga da basir da sanyi da hawan jini duk a leda ɗaya, shi ma yanzu ya koyi cewa "an yi bincike". In ya nuna maka lambar NAFDAC ka juya kwalbar, da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙi cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. A takardun kimiyya ma akwai wurin da ake faɗin wanda ya biya kuɗin aikin, can ƙarshe, in kamfanin da ke sayar da abin ne ba lallai ƙarya ba ce amma ka ƙara sa ido. Hoton da aka liƙa kuma ka danna shi a Google Lens, sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne na wani abu daban.

Saura mai wuyar, yadda za ka faɗa ma wanda ya turo, musamman in babba ne. Kar ka rubuta "ƙarya ne" a guruf ɗin dangi, za a ce boko ya sa ka raina mutane kuma daga ranar ko gaskiya ka kawo ba mai ji. Ni bin mutum nike ta gefe. Kwanaki kawuna ya turo wani wai an gano ganyen da ke narkar da kansa, na duba na ga a faranti ne, sai na kira shi bayan isha'i muka gaisa na tambayi ƙafarsa, sannan na ce Kawu Allah ya ƙara lafiya, saƙon nan naka na bi shi har inda ya fito, aikin na gaske ne amma ba su kai ga gwada shi kan mutum ba tukuna, ina tsoron kar mai ciwon ya gani ya bar zuwa asibiti. Ya yi shiru, ya ce to ai shi ma turo mashi aka yi. Da safe na ga ya goge. Bayan kwana biyu ya turo mani wani ni kaɗai, na ruwan ɗumi da lemun tsami, a ƙasa ya rubuta, duba mani wanga kafin in sa.